Na'urar CPAP da Sanyin Hunturu

Tambaya: Likita ya ɗora ni a kan na'urar CPAP, mai hura mini iska ta tiyo da takunkumin fuska, saboda numfashina na ɗaukewa cikin barci. Tun shigowar hunturu hancina ke bushewa har da haɓo, da asuba kuma ruwa ya taru a tiyo yana ƙara. Yaya zan yi? Daga mai karatu a Marwa.

Amsa: Malam, tushen matsalolin biyu ɗaya ne. Iskar hunturu ba ta da laima, shi ya sa hanci ke tsagewa. Ka ƙara ɗumin tankin ruwan na'urar, mai sa wa iskar laima, mataki ɗaya, ka gwada kwana 2 ko 3 kafin ka sake ƙarawa. Sai dai iskar mai ɗumi in ta bi ta tiyo mai sanyi, raɓa take zama, ƙarar da kake ji ke nan. Ka ajiye na'urar ƙasa da gado domin ruwan ya gangara tanki, ka tura tiyon cikin bargo ko ka sa masa rigar tsohuwar safa. In da hali, tiyo mai ɗumama kansa ya fi.

Tataccen ruwan kantin magani za ka zuba, kar ya wuce layin tanki, ka sauya kullum. Ruwan rijiya na barin farin gishiri. Matatar iska kuwa, da ƙurar nan, duba ta kowane mako. Hanci a fesa masa ruwan gishiri na magani, ban da basilin, yana lalata robar takunkumi. In haɓon ya ƙi tsayawa, koma wurin likitanka, kar ka taɓa ƙarfin iskar da kanka.