Ga ƙanwata ta Houston da ta tambaya ko Teksas za ta taɓa juyawa

Salam 'yan gida. Ƙanwata ta Houston, na ga tambayarki, cewa kin yi rantsuwar zama 'yar ƙasa kina ɗokin yin rajistar zaɓe amma mutanenmu na can suna ce miki kar ki wahalar da kanki, Teksas ta 'yan Ripablikan ce tun fil azal, ko kin jefa ko ba ki jefa ba duk ɗaya, shine kike tambaya wai da gaske jiha irin wannan tana iya zama ta kowa da kowa a zaɓen shugaban ƙasa, kuma me ke kawo hakan. Wallahi ina karantawa raina ya sosu, don maganar nan sak ita aka yi ta jifana da ita a nan Jojiya shekara da shekaru, har da wadda ta fi ta muni.

Da farko dai masu cewa tun fil azal ɗin nan ba su san tarihin inda suke zaune ba. Teksas ɗinki da Jojiya ɗina duk na 'yan Dimokurat ne a da, kusan shekara 100 ba mai ja da su a kudu, sai da aka yi dokokin ba baƙar fata 'yanci a 1964 da 1965 sannan fararen kudu suka fara zamewa a hankali. Teksas ta zaɓi Carter ɗan Dimokurat a 1976. Mu nan sai a 2002 aka samu gwamnan Ripablikan, Sonny Perdue, bayan sama da shekara 120. Toh kinga abun da ya juya sau ɗaya ai ba za a ce ba ya juyuwa ba.

Lokacin da na zo Gwinnett, gundumar da nake har yanzu a arewa maso gabas da Atlanta, ko a mafarki ba wanda zai ce ɗan Dimokurat zai ci nan. Tun bayan da Clinton ya sha da ƙyar a 1992 jihar ba ta sake kallon Dimokurat a zaɓen shugaban ƙasa ba. A 2012 Romney ɗan Ripablikan ne ya ci Gwinnett ya ci gundumar Cobb, Cobb ɗin nan kuwa gidan Newt Gingrich ne, jigon Ripablikan da ya taɓa zama kakakin majalisar wakilai. Shekara 4 kacal bayan nan Hillary ta cinye su duka biyun, duk da Trump ya ci jihar da wajen maki 5. Kuma ni dai ban ga maƙwabcina ko ɗaya da ya kwana ɗan Ripablikan ya tashi ɗan Dimokurat ba. Mutanen ne suka canza, ba ra'ayin tsofaffin ba. Layinmu da na tare kusan duk fararen dattawa ne masu tuta a ƙofar gida, yanzu in kika bi layin da yamma ƙamshin girkin Koriya ne da na Indiya da na Meziko da na Habasha, ga baƙaƙen Amurka da suka taso daga New York da Chicago da Detroit saboda gida ya fi araha kuma akwai aiki, ga Delta ga Coca-Cola ga UPS ga masu shirya fim da suka cika gari tun da aka sassauta musu haraji a 2008. Gwinnett kaɗai yanzu tana da mutum wajen miliyan 1. Atlanta da kewayenta sun haura rabin mutanen jihar, duk da akwai gunduma 159, yawancinsu ƙauyuka ne da har gobe jajaye ne jawur, wato na Ripablikan.

Amma zuwan mutane kaɗai ba ya jefa ƙuri'a, nan ne wahalar take kuma nan ne na sha nawa. Stacey Abrams, 'yar Dimokurat da ta nemi gwamna a nan, ta daɗe tana cewa akwai dubban ɗaruruwan mutane a jihar da suka cancanta amma ba su da rajista, ta kafa ƙungiyar New Georgia Project don a bi su gida gida. Sannan a 2016 jihar ta fara yi wa mutum rajista kai tsaye in ya je karɓar lasin tuƙi, sai dai in shi ya ce ba ya so, wannan ma ya zuba mutane da yawa cikin rajista ba tare da hayaniya ba. Ni a 2018 na shiga aikin sa kai, ba ko sisi, in na tashi daga aikin dare in ɗan runtsa in ɗauki takardu in bi gidajen mutanenmu da na 'yan Afirka ta Yamma, in tsaya bakin masallaci bayan Juma'a, in je gidan suna da jakata. Abin da nake tambaya ɗaya ne, kin yi rantsuwa? In eh, kin yi rajista? Shikenan.

Toh akwai wata Hajiya, ba zan kama suna ba, wasu a nan sun santa kuma don Allah kar wanda ya rubuta sunanta a ƙasa. Ita ce uwar adashinmu a lokacin, mace ce da nake kira Yaya, na yi mata jinya da aka yi mata aiki, na kwana a asibiti da ita ranar da 'ya'yan cikinta ba su samu zuwa ba. A gidan wani suna, falo cike da mata ana rabon tuwo da waina, na miƙa wa wata yarinya takarda, kawai sai Hajiya ta ɗaga murya tace kowa ya yi hattara da ni, wai sunaye da adireshi nake tarawa ana biyana, kuma wa ya san ko 'yan imigireshan nake kai wa. Ƙanwata kin san me wannan kalmar take nufi a cikinmu, a 2018, lokacin da kowa ke da wani a gida da takardarsa ba ta gama fitowa ba. Falon ya yi tsit. Yarinyar ta ajiye takardar a kan kujera a hankali ta matsa. Na tsaya da faranti a hannu na rasa bakin magana, ni da ba a kayar da ni a zance, na ji hawaye na zuwa na fita na zauna a mota ina rawar jiki, mayafina ma a can na baro shi kuma har yau ban aika a ɗauko ba.

Abin bai tsaya nan ba. Aka daina ɗaga wayata. Matar da muke kai yara islamiyya tare ta ce mijinta ya hana. Zagayen adashi na gaba aka ce wai an cika, ni da na shekara nawa ina zubi ban taɓa latti ba. Maigidana yace in bari, siyasar Amurka ba tamu bace, me na haɗa da su. Sannan Abrams ta zo ta faɗi zaɓen gwamna a hannun Kemp ɗan Ripablikan da tazarar ƙuri'a wajen 55,000, Hajiya ta aiko min da saƙon murya, har yanzu yana wayata ban goge ba, tana dariya tana cewa toh 'yar siyasa ina gwamnar taki, ai na gaya miki jihar nan da masu ita. Wallahi na yafe abubuwa da yawa a rayuwata amma duk sanda na tuna muryar nan sai na ji ɗaci a maƙogwarona. Ba faɗuwar ce ta dame ni ba, ƙazafin ne, a ce ni zan sayar da 'yan uwana. Kuma har yau ba ta taɓa cewa yi haƙuri ba, in mun haɗu a Idi sai ta rungume ni tana ina kika shige kamar ba abin da ya faru. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Ita wannan 55,000 ɗin da take min dariya a kai, ita ce alamar da masu lissafi suka gani. Jihar da ake cinyewa da dubu ɗari biyu ta dawo haka, sai kuɗi suka fara shigowa, talla ta cika talabijin, 'yan takara suka fara zuwa da kansu. Haka abun yake, ba wanda ke kashe kuɗi a inda ya tabbatar zai faɗi ko ya tabbatar zai ci, amma da zarar tazara ta matse kowa sai ya kwaso jiki, zuwan nasu kuma ya ƙara tada waɗanda suke zaune. A Janairun 2020 Trump ya saka Najeriya cikin ƙasashen da ya toshe wa bizar zama, kinga mutanenmu da suke cewa ba ruwansu sai ga shi abun ya taɓa uwa da miji da ɗa, wasu da suka guje ni da kansu suka nemo lambata. Nuwamba ta zo Biden ya ci Jojiya da ƙuri'a 11,779 cikin kusan miliyan 5. Ki sake karanta adadin. 'Yar takarar ƙaramar jam'iyyar Libertarian ma ta samu wajen 62,000, ninkin tazarar sau biyar. Ranar 5 ga Janairun 2021 kuma Warnock da Ossoff 'yan Dimokurat suka cinye kujerun sanata biyu a zagaye na biyu. Kuma kin san wa na gani ta saka hoton sitikar na yi zaɓe a status da rubutun mun yi nasara? Hmm. Bari dai in yi shiru.

Sai dai kar in yaudare ki, don ba na son ki sha irin karyewar zuciyar da wasu suka sha. Jiha ta zama ta kowa da kowa ba yana nufin ta koma hannun ɗaya ɓangaren ba. A 2022 Kemp ya sake kayar da Abrams da tazara mai faɗi, sama da maki 7, a shekarar da Warnock ya kayar da Herschel Walker. Ma'ana akwai mutane, yawanci fararen kewayen birni masu digiri, da suke raba ƙuri'arsu, ba jam'iyyar suka bari ba, mutumin da aka tsayar ne bai kwanta musu ba. A 2024 Trump ya dawo ya ci Jojiya da wajen maki 2. Mu kanmu Musulmi a shekarar rabuwa muka yi saboda Gaza, wasu suka zauna a gida wasu suka ba Jill Stein ta ƙaramar jam'iyyar Green, ga tsadar kayan abinci da haya da ta ishi kowa. Ni ban ga laifin kowa ba a nan.

Teksas kuma ta fi tamu wuya, gaskiya ɗaya ce. Tun 1994 ɗan Dimokurat bai ci wata kujera ta jiha gaba ɗaya ba. Beto ɗan Dimokurat ya matso Cruz a zaɓen sanata na 2018 da ƙasa da maki 3, tazarar Trump ta sauko daga 9 a 2016 zuwa ƙasa da 6 a 2020, kowa yace saura ƙiris, sai 2024 ta koma wajen 14. Dalili babba, an zauna ana ƙirga 'yan Latino kamar buhunan hatsi a rumbu, wai suna ƙaruwa don haka ƙuri'a na ƙaruwa, ba a je an tambaye su me suke so ba, sai ga gundumar Starr da ke bakin iyaka, kusan duk 'yan Latino, ta zaɓi Ripablikan karon farko cikin sama da shekara 100. Mu ma haka ake mana, a ga baƙar fata ko ɗankwali a ɗauka an gama da mu. Sannan ku birane ne da yawa, Houston da Dallas da Austin da San Antonio, talla a can tsada ce ta fitar hankali, mu Atlanta ɗaya ce. Amma wakilan zaɓe, waɗanda da su ake ƙirga wanda ya ci shugaban ƙasa, 40 gare ku, mu 16, duk ranar da tazara ta sake matsewa za ki ga yadda za a yi rububinku.

Ni dai shawarata ki je ki yi rajistarki, ko wa za ki zaɓa ke ta shafa, ban tambaye ki ba. Kar ki jira, a Teksas ana rufewa kwana 30 kafin zaɓe kuma takarda ake cikawa a sa hannu, ba kamar mu da ake yi ta intanet ba. Ki duba sunanki ya zo daidai da na lasinki harafi da harafi, mu nan a 2018 rajista wajen 53,000 aka jingine saboda irin wannan saɓanin, kuma kin san sunayenmu, yau Muhammad gobe Mohammed, ga masu Sa'adatu da Asma'u da kwamfuta ke cinye musu alama. Kuma kar ki raina ƙananan zaɓuka, na hukumar makaranta da alƙalai da majalisar jiha, a nan Gwinnett muna da Ruwa Romman 'yar asalin Falasɗinu da ta shiga majalisar jiha a zaɓen 2022, da Gabe Okoye da Segun Adeyina 'yan asalin Najeriya, kujeru ne da ƙuri'u kaɗan ke yanke su.

In kuma zuciyarki ta raya miki ki taimaka wa wasu su yi rajista, don na ji alamar hakan a rubutunki, toh ki fara zuwa ofishin zaɓe na gundumarku a ba ki horo da takardar izini, a Teksas ba a karɓar fom ɗin wani haka kawai, za ki iya jefa kanki a matsala. Kar ki riƙe takardar kowa a jakarki ta kwana, kar ki rubuta adireshin kowa a littafinki, ki bar mutum ya cika da hannunsa, kuma ki tafi da wata babbar mace da ake jin maganarta ta zama shaidarki, ni da ina da irin wannan a falon nan da ba a yi min abin da aka yi ba. Mai girin kad kuma, wato mai takardar zama da bai yi rantsuwa ba, ko ya roƙe ki kar ki bari ya taɓa fom ɗin, ko a wajen lasin aka tambaye shi ya ce a'a, kuskuren nan kaɗai na iya hana shi zama ɗan ƙasa har ya kai ga kora. Ki faɗa wa matan gidanku wannan tun kafin ki faɗa musu komai. In kin samu katinki ki turo mana hoto a nan mu sa albarka, amma ki rufe adireshin da yatsa.