Alhaji, ka shiga jirgin, amma ka kwana a Luksor tukuna

Alhaji, ka tambaya ko ya dace, bayan ka ziyarci ɗanka da ke karatu a Azhar, ka ƙara ƴan kwanaki ka shiga jirgin ruwan da ke bin kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan a ƙasar Masar. Ni da maiɗakina mun yi wannan tafiya, kuma shawarata ita ce ka je, amma ka isa Luksor kwana ɗaya ko biyu kafin ranar da jirgin zai tashi.

Dalili kuwa shi ne jirgin yana bin tsarin kamfani ne, alhali mafi yawan abubuwan kallo suna Luksor. Mu da muka isa da jirgin ƙasa daga Alƙahira a ranar tashi, cikin gaggawa aka zagaya da mu Karnak, katafaren wurin bauta na zamanin Fir'aunoni, inda akwai wani zaure mai ginshiƙai 134 na dutse, ko wanne cike da rubuce-rubuce, jagoran kuwa yana ta duba agogo. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin mutumin da ya tashi yana ganin ginin ƙasa na Birni da fadar Sarkin Damagaram yana bukatar ya zauna ya kalli irin wannan aiki a natse. A ƙetaren kogin akwai Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, kuma da sassafe ake zuwa can kafin duwatsun su ɗau zafi. Kada ka bar garin ba ka yi salla a masallacin Abul Hajjaj ba, wanda aka gina a cikin wani tsohon wurin bautar Fir'aunoni, har ana ganin duwatsunsu a jikin bangonsa.

Daga Luksor zuwa Aswan yawanci kwana huɗu ake yi a jirgin. A Isna za a jira a buɗe ƙofar madatsa, a nan ne ƴan kasuwa ke matsowa da ƙananan kwale-kwale suna jefo jallabiyoyi sama, wanda ya saya sai ya jefa kuɗin cikin leda. A Idfu keken doki ne zai kai ka wurin tsohon ginin bauta da ke garin, don haka ka tabbatar an gama maganar kuɗi kafin ka hau. A Kom Ombo jirgin yana tsayawa dab da tsohon ginin bautar garin, kuma za ka ga gawarwakin kadoji da aka busar tun zamanin da ake bauta musu.

A Aswan ka nemi zuwa Fila, ginin da aka kwashe dutse bayan dutse aka mayar wani tsibiri saboda ruwa ya cinye mazauninsa na asali, ka kuma ga babbar madatsar da aka kammala a 1970.

Game da ibada, jirgi yana juyawa tare da kogin, saboda haka ka riƙa tambayar ma'aikata alƙibla kowace salla. Ana sayar da barasa a yawancin jiragen, ana kuma kiɗa da dare, shi ya sa mu bayan isha'i muke hawa sama mu zauna muna kallon fitilun ƙauyuka. Ka shirya tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin zafin Aswan a watan Yuni bai gaza namu na Afrilu ba, kuma ka riƙe rigar sanyi saboda iskar asuba a kan ruwa.