Abin da Mai Ɗaukar Biki Zai Koya Daga Tsohon Fim

Sani, ka tambaye ni dalilin da ya sa na tura maka tsohon fim ɗin Indiya baƙi da fari, ba waƙa, ba rawa, ba faɗan bos, alhali mu sana'armu ɗaukar biki ce a ƙauyukan Ringim da Taura. Har ka ce ko fassarar Hausa ba a yi masa ba. To, zauna ka ji.

Sunan fim ɗin Pather Panchali, ya fito a 1955, kuma da yaren Bengali aka yi shi, shi ya sa ba ka tsinci ko kalma ɗaya irin ta Indiyancin da kunnenka ya saba da shi ba. Satyajit Ray ne ya ba da umarni, shi ne fim ɗinsa na farko. Mai kyamararsa, Subrata Mitra, bai wuce shekara 22 ba lokacin da suka fara, kuma hoton kati kawai ya iya, bai taɓa ɗaukar fim ba. Kuɗi ya yi ta yanke musu, aikin ya ja kusan shekara 3, sai da gwamnatin jiharsu ta sa hannu aka kammala. Labarin na talakawan ƙauye ne: uba ya tafi nema, uwa tana lallaɓa ɗan abincin da ya rage, yara biyu suna yawon daji. Wannan ai ba sai an fassara maka ba.

Ka sake kallonsa, ka kashe sautin ma in ka so, ka zuba wa fuskoki ido. Duba tsohuwar nan idan tana zaune a bakin ɗakinta: haske ta gefe guda yake zuwa, ɗaya kuncin yana cikin inuwa, kowace tamoji ta fito, idon yana da rai. Yanzu tuna yadda yawancin masu sana'armu suke yi. A ɗaura fitila a kan kyamara, a haske amarya gaba da gaba, hoda ta yi fari fat, goshi yana ƙyalli, fuskar ta baje kamar faranti. Wallahi abin yana ci mini rai, domin yarinyar nan za ta ajiye bidiyon har ta nuna wa 'ya'yanta.

A fim ɗinsu na biyu, Aparajito na 1956, an gina musu tsakar gida a cikin ɗakin ɗaukar fim, ba sama ba rana. Sai Mitra ya shimfiɗa farin ƙyalle a sama, ya haska fitilu a jikinsa, hasken ya dawo ƙasa da laushi kamar na sararin Allah. Har yau masu ɗaukar fim a duniya suna amfani da wannan dabara. Mu kuma da muke da rana kyauta, farin yadi kamu biyu ya ishe mu. In amarya tana cikin ɗaki ranar lalle, zaunar da ita kusa da ƙofa, ta ba hasken gefe, ka sa yaro ya riƙe yadin a waje inda rana take dukansa, ya karkato shi ciki. Za ka ga baƙin lallen ya fito a hannunta sosai, fatarta kuma ta zauna da launinta na gaskiya.

Sai haƙuri. A Pather Panchali akwai wurin da yaran suke ratsa filin wata doguwar ciyawa mai farin fure har su hangi jirgin ƙasa. Da shi aka fara ɗauka, ba a gama ba, da suka dawo bayan 'yan kwanaki suka tarar shanu sun cinye furen. Ray bai canja fili ya rufe ido ba, ya jira har lokacin furen ya sake zagayowa. Ni ba shekara nake nema a wurinka ba. In an zo fitar da amarya, kada ka yi ta wurga kyamara dama da hagu kana zuƙowa kana turawa. Tsaya a kan uwar, ka ƙirga goma a zuciyarka. Abin da za ta yi da bakin mayafinta a wannan lokacin, shi mutanen gidan za su riƙa maimaitawa.

In ka gama da wannan, zan ba ka Yaaba na Idrissa Ouedraogo, ɗan Burkina Faso, na 1989. Ƙasarsu irin tamu ce, jan fili da tsirarun bishiyoyi, fatar mutanen ma irin tamu. Lura da yadda yake ja da baya ya bar mutum ƙarami a cikin fili mai faɗi, sai ka ji nisan tafiyar a jikinka. Haka nake so ka ɗauki 'yan kai amarya a kan hanyar burji.

Bikin ranar Asabar kai za ka riƙe kyamara a ɓangaren mata, tunda har yanzu ana barinka shiga. Cire fitilar nan ka bar ta a shago, ka karɓi farin yadi wurin tela tun ranar Juma'a, kuma ka isa gidan da hantsi, kafin rana ta take tsaka.