Amsa: ko dole ne rigar roba a ninƙayar gasar tiriyatilon?

Ɗan'uwa, ka ce a Yamai kake atisaye, za ka je gasar tiriyatilon (wadda ta haɗa ninƙaya, tseren keke da gudu) a Faransa, kana tambaya ko dole ka sa rigar robar nan mai hana sanyi. Zafin ruwan ranar gasa ne ke yanke hukunci. A dokar World Triathlon, hukumar wasan ta duniya, ga irinmu da ba ƙwararru ba kuma ba mu kai shekara 60 ba, in ninƙayar ba ta wuce mita 1500 ba, an hana rigar da zarar ruwa ya kai digiri 22. In ta fi haka tsawo, sai ya kai 24.6 ake hanawa. Ƙasa da digiri 16 kuwa dole ce. Tsakanin nan zaɓinka ne, amma kaurinta kada ya wuce milimita 5.

Ni dai shawarata ka tafi da ita, don alƙalai sai awa ɗaya kafin tashi suke auna ruwan, a zurfin santimita 60. Mu da muka saba da ruwa mai ɗumi, digiri 18 ma sai ya ɗauke maka numfashi, ga shi rigar na ɗaga ƙafafu sama, ka ƙara sauri. Sai dai kada ka gwada ta da ranar Afrilu. Na taɓa yi a nan, ko minti goma ban cika ba jiri ya fito da ni, kamar an dafa ni! Bari sai sanyin hunturu, da asuba, ka kuma koyi tuɓe ta da sauri kafin ka hau keke.