Amsa ga mai tambaya kan Nana Asma'u

Malama, kin tambaya ko Nana Asma'u waƙa kawai ta bari, wallahi aikinta ya wuce nan. 'Yar Shehu Ɗanfodiyo ce, an haife ta 1793 ta rasu 1864, ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa da Larabci, amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata da ta kafa, ta naɗa jajis, wato matan da ke jagorantar karatun, ta ɗora musu malfa, su tafi ƙauyuka suna karantar da mata har cikin gida. Mu nan gefen Ringim kakata a bakin murhu take koyar da matan unguwa tsarki da sallah, ko sisi ba ta karɓa, in na tuna Nana ita nake gani. Allah ya jiƙansu.