Hukuncin Auna Gaskiyar Addini da Amfanin da Yake Kawowa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce a sashen falsafa. An ba mu aiki a kan William James, mai cewa ana gane gaskiyar imani da amfanin da ya yi wa mai shi. Ya halatta in yi? Maganarsa ta kwanta min, don tun da na riƙe sallar dare damuwata ta ragu, har nake cewa wannan ce hujjata a kan gaskiyar Musulunci.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Yi aikinki, ɗiyata. Karanta ra'ayi da bayyana shi kamar yadda mai shi ya faɗa ba yarda da shi ba ne.

Inda na tsaya shi ne ƙarshen tambayarki. James ya kasance malami a Jami'ar Harvard ta Amurka a zamaninsa. A laccocin da ya gabatar a Edinburgh a 1901 da 1902 ya ajiye wahayi da shari'a gefe, ya tattara labaran abin da mutane suka ji a zukatansu, har da na Imam Gazali, ya ce a duba sakamakon da abin ya haifar a rayuwa. In kayan bincike ne na halayyar ɗan Adam, ba laifi. In ya zama aƙida, cewa addini gaskiya ne saboda ya yi amfani, wannan bai halatta ba.

Akwai masu cewa ai wannan ita ce maslaha da malaman usulu suka sani. Ba haka ba ne. Maslaha tana aiki a hukuncin da nassi bai yanke ba, bayan an riga an yi imani. Ba a taɓa tabbatar da Allah ko Annabci da ita ba. Sannan ma'aunin James ba ya raba gardama: mai bautar gunki ma yakan ce ya samu natsuwa, kuma shi kansa James ya shaƙi iskar gusar da hankali ya ce ya ji wani buɗi. Da me za ki bambance su? Ya yi ƙoƙarin cewa a duba sakamako mai nisa, amma wa ya ga ƙarshen sakamako alhali hisabi na Lahira?

Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mutum kan zo Madina, in matarsa ta haifi namiji, dawakinsa suka hayayyafa, ya ce wannan addinin kirki ne. In ba haka ba ya ce mugun addini ne. Su ne masu bauta wa Allah a gefe da aya ta 11 ta Suratul Hajji ta ambata. Sumayya kuwa, Allah ya ƙara mata yarda, mashi ta samu a duniya, kuma tana kan gaskiya.

Natsuwar da kike ji ni'ima ce, ki gode. Amma akwai daren da za ki tashi zuciya a bushe, ki idar ba ki ji komai ba. Ina jin tsoron ranar ta same ki da wannan hujja kaɗai. Ki nemi malama ki karanta littafin tauhidi ko ƙarami ne, baki da baki. In damuwar ta dawo da ƙarfi har ta hana ki barci ko abinci, ki ga likita, wannan ba raunin imani ba ne.

Wallahu a'alam.