Tambayoyinku kan fasaha: kafin ka biya kuɗin motar lantarki ta hannu

A wannan fili mun saba da matsalolin waya da kwamfuta, to amma tambayoyi kan motocin lantarki sun taru, kuma duk suna cikin huruminmu. Rabin motar lantarki batir ne, sauran rabin kuma manhaja ce da na'urori. Na zaɓo waɗanda aka fi maimaitawa.

Tambaya: Malam, an yi mini tayin Nissan Leaf ƙirar 2015. Jikinta tsaf yake, ba ta ci kilomita da yawa ba, mai ita kuma ya ce batirin lafiya lau. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ajiye maganar kilomita tukuna. A motar fetur ƙarancin tafiya abin yabo ne, amma batir yana tsufa ta hanya biyu: da aiki, da kuma shekaru. Ko ajiye motar aka yi ba a hawa, batirin yana ci gaba da raguwa, musamman idan an bar ta a cike da caji a wuri mai zafi. Kamar dai wayar da ka shekara uku da ita ce: tana nuna maka 100 da safe, kafin rana ta yi tsaka ta nemi caja.

Leaf tana da wani rauni nata da ya kamata ka sani. Ta fito kasuwa a ƙarshen 2010, kuma a ƙirar da ake yi maka tayi babu ruwan da ke zagayawa yana sanyaya batirin, saɓanin motocin Tesla da Chevrolet Bolt. Zafin da ya shige shi sai dai ya huce da kansa. Tun a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake tsananin zafi, suka fara kukan batirinsu na raguwa da wuri. Don haka ka tambayi inda motar ta yi rayuwarta kafin ta iso hannun mai sayarwa.

Ka kunna motar ka dubi allon da ke gaban direba. A gefen dama, kusa da dogayen layukan da ke nuna yawan caji, akwai wasu 'yan gajerun layuka 12. Su ne ke nuna lafiyar batir. Na farko yana ɓacewa ne idan ƙarfin batirin ya sauka zuwa wajen kashi 85 cikin 100, sauran kuma kowane yana tafiya da kusan kashi 6. Sai dai kada ka tsaya a nan, domin ana iya goge bayanan kwamfutar batirin, layukan su dawo 12 cif, sai bayan an yi kwanaki ana hawa gaskiya ta fito. Abin da nake ba da shawara shi ne ka samu 'yar na'urar nan ta OBD-II mai karanta kwamfutar mota, wadda ake sokawa a ramin da ke ƙasan sitiyari, ka haɗa ta da wayarka, ka buɗe manhajar LeafSpy. Za ta nuna maka adadin lafiyar batirin, da sau nawa aka yi masa caji mai sauri, da kuma ƙarfin kowane ɗaya daga rukunin ƙwayoyinsa 96, wato ƙananan baturan da suka haɗu suka yi shi, a jere kamar tsani. Idan ka ga guda ɗaya ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa sosai, to wannan ƙwayar ita za ta riƙa kashe maka mota tun caji bai ƙare ba.

Daga nan sai gwajin titi, wanda ba a iya yi masa dabara. A cika ta, ka hau babban titi ka yi kilomita 30 ko 40 da esi a kunne, ka lissafa kashi nawa ya tafi. Kada ka dogara da kilomitan da allon ke cewa sun rage, kintace ne kawai bisa yadda aka tuƙa ta a baya-bayan nan. Leaf ta 2015 batirinta kilowat-awa 24 ne, tana sabuwa an ƙiyasta mata kusan kilomita 135. Idan lafiyarsa ta koma kashi 70, ba za ka samu 100 ba. Idan zirga-zirgarka ta cikin gari ce, za ta iya yi maka, muddin farashin ya yi daidai da abin da ya rage. Mai sayarwar da ya hana ka soka na'ura kuwa, ka bar masa kayansa.

Tambaya: Da gaske ne motar lantarki ba ta lalacewa kamar ta fetur?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, amma an ƙara mata gishiri. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, giyarta kuma a yawancinsu guda ɗaya ce tak. Injin lantarkin kansa abu ne mai juriya. Sai dai abubuwan da ke kewaye da shi suna lalacewa, wasunsu kuma da tsada: cajar da ke cikin motar, da inbata, da famfon ruwan sanyaya batir, da kwamfiresar esi.

Abin da ya fi yawan tsayar da mutane a hanya ma ƙaramin batir ne mai bolt 12, irin na kowace mota. Shi ke tayar da kwamfutocin da ke buɗe wa babban batir hanya. Idan ya mutu, ko da babban yana cike, motar ba za ta motsa ba. Na'urar da ke yi wa ƙaramin batirin caji ce ta sa Hyundai da Kia suka kira motoci irin su Ioniq 5 da EV6 domin gyara a 2024. Tesla ma a 2021 ta kira tsofaffin Model S da Model X saboda ma'adanar bayanan babban allonsu tana gajiya, allon ya ɗauke, kyamarar baya ta tafi tare da shi. Wanda ya taɓa riƙe tsohuwar waya ya san wannan ciwon.

Ka kuma duba tayoyi da shokazoba, domin nauyin batir yana cin su da wuri. Birki kuwa ba ya saurin cinyewa, tunda injin ne ke rage gudu yana mayar da wutar cikin batir, amma rashin aikin kan sa ya yi tsatsa ya maƙale.

Tambaya: Malam, ina da bakaniken da na daɗe da shi kuma na amince masa. Zai iya kula mini da ita?

Amsa: Hajiya, zai iya yi miki taya, da birki, da ƙafar mota, da gyaran jiki. Amma duk wayar da kika gani mai ruwan lemo, kada ya kusance ta sai in ya samu horo a kanta. Waɗannan wayoyin suna ɗauke da wutar da ta kai wajen bolt 400, a wasu motocin kamar Porsche Taycan da Ioniq 5 har kusan 800. Wuta ce mai kisa nan take. Mai gyaran da ya san aikinsa yana da safar hannu ta musamman, ya san yadda ake cire makullin da ke raba batir da mota, kuma yana auna wuta kafin ya taɓa komai. Ina jaddada wannan ne saboda gwanin mai wayarin na motar fetur yakan ɗauka duk ɗaya ne, alhali ransa ne a ciki.

Shawarata ita ce ki juya tsarin: ki nemo mai gyara kafin ki nemo mota. Ki je wurinsa ki tambaye shi waɗanne iri ya taɓa buɗewa, yana da na'urar da ke karanta kwamfutarsu, kuma daga ina yake samo kayansu, cikin kwana nawa. Ki tambaye shi ko yana iya sauya rukuni ɗaya na batir maimakon a sayi gaba ɗayansa, domin a tsohuwar mota kuɗin sabon batir na iya kusantar darajar motar kanta. Wasu kayan ko an ɗaura su ba sa aiki sai an gabatar da su ga kwamfutar motar da manhajar kamfani.

Maganar garanti ma a yi ta a fili. Yawancin kamfanoni suna bai wa batir shekara 8 ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, da alƙawarin gyara idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da wajen kashi 70. Garantin yakan bi motar zuwa hannun mai saye na biyu, amma sau da yawa ba ya tsallaka iyakar kasuwar da aka sayar da ita tun farko. Sannan garanti yana rayuwa ne muddin kamfanin na raye. Kamfanin Fisker ya durƙushe a 2024, masu motarsa ta Ocean suka koma haɗa kai suna fafutukar kayan gyara da manhaja da kansu. Komai kyan motar da kamfaninta bai kafu ba, ni ba zan ce ki saya ba.

Tambaya: Na ga wata da araha sosai, an ce ɗan haɗari ta yi, wata kuma ruwa ne ya ɗan shige ta. In gwada sa'a?

Amsa: Wadda ruwa ya shiga, a'a. Ruwa, musamman na gishiri, yana barin tsatsa da gurɓata a cikin akwatin batir, wuta kuma na iya tashi bayan kwanaki ko makonni, motar tana ajiye. Gobarar batirin litiyam tana da wuyar kashewa, tana iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. Ka ɗaga kafet, ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙasan kujeru.

Mai haɗari kuwa, a ɗaga ta sama ka ga cikinta da idonka, tunda batirin a shimfiɗe yake a ƙasan motar. Lotsawa, ko tsagewa, ko alamar an buɗe an sake liƙewa, duk sun isa ka haƙura. Ka kuma ɗauki lambar casis mai haruffa da lambobi 17, ka bincika a shafin kamfanin ko akwai kiran gyara da ba a kai ta ba. Wani lokacin binciken alheri yake kawowa: bayan matsalar gobara, General Motors ta kira dukkan Chevrolet Bolt na 2017 zuwa 2022, an kuma sauya wa da yawa daga cikinsu batir. Tsohuwar Bolt mai takardar shaidar sabon batir ciniki ne mai kyau.

Tambaya: Motar daga wata ƙasa za a kawo mini. Me zan lura da shi?

Amsa: Bakin caji. Ba iri ɗaya ba ne a duniya. Motocin Japan irin su tsohuwar Leaf suna amfani da CHAdeMO wajen caji mai sauri, Turai na kan CCS2, Sin tana da GB/T, Amurka kuma ta daɗe da CCS1 da bakin Tesla, wanda yanzu sauran kamfanoni ke komawa kansa. Akwai mahaɗai na sauyawa, sai dai na caji mai sauri suna da tsada kuma ba koyaushe suke aiki ba. Ka san irin bakin da tashoshin cajin da za ka riƙa zuwa suke da shi tun kafin a ɗora motar a jirgi. A gida ma ka sa mai wayarin ya ja mata layinta na musamman mai kauri da wayar ƙasa, domin soket na ɗaki ba a yi shi don jan wuta mai yawa na tsawon dare ba.

Sai kuma abin da mu masu harkar waya muka fi sani: asusu. Yawancin motocin nan a ɗaure suke da asusun mai su, kuma da manhajar wayarsa zai iya ganin inda motar take, ya buɗe ƙofa, ya kunna esi. Ka tabbatar an cire ta daga sunansa an mayar da ita naka, an kuma goge bayanansa daga allon, kafin ka kammala biya. Ka gwada ko allon yana sauya harshe, domin wasu motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin ko Japan ba su da wannan zaɓin. Layin sadarwar da ke cikin motar ma yakan daina aiki idan ta bar yankinta, ko idan ta tsufa, kamar yadda ya faru da motoci da dama lokacin da aka rufe 3G a Amurka a 2022. Idan hakan ta faru motar za ta ci gaba da tafiya, amma sabunta manhaja ta intanet da sarrafa ta daga waya sun tsaya, sai ka lissafa wannan a cikin farashin da za ka taya.